Littafin Hoto da Yaron da Bai Fara Magana Ba

 Wannan shi ne taƙaitaccen abin da muka tattauna a filinmu na iyali. Mun sa shi a takarda saboda wanda shirin ya wuce shi yana bayan shanu, ko yana kan hanya da kaya, ya samu ya karanta ko a karanta masa.

Maganarmu a kan littafin hoto ce, wato ɗan littafin nan mai manyan zane-zane da rubutu kaɗan, wanda babba ke buɗe wa jariri ko ƙaramin yaro yana yi masa bayani da baki. Na san abin da wasu za su ce tun kafin in yi nisa: yaron da ko "Inna" bai iya faɗa ba, me zai yi da littafi? Kuma ni da ban shiga aji ba, me zan karanta masa? To, ka biyo ni a hankali. Abin da nake so ka tafi da shi guda ɗaya ne: amfanin littafin hoto yana cikin hirar da ke gudana tsakaninka da yaron a kansa, kuma wannan hirar ba ta buƙatar ka san baƙi ko ɗaya.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar

A shekarar 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun fitar da ƙiyasi cewa a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, kusan yara tara cikin goma suna kai shekara goma ba su iya karanta ɗan gajeren labari su gane ma'anarsa ba. Cikinsu har da waɗanda suke zuwa makaranta kullum. Dalilan suna da yawa: ƙarancin malamai, cunkoson aji, rashin littattafai, da koyarwa cikin harshen da yaro bai ji ba. Waɗannan ba a hannunka suke ba. Amma akwai guda ɗaya da yake hannunka, shi ne abin da yaro ya tara a kansa kafin ranar da aka kai shi aji ɗaya.

Yaron makiyayi da na ɗan kasuwar iyaka suna da ƙarin nauyi. Ɗan ruga yakan shiga makaranta a makare, kuma ƙaura takan katse masa zango. Saboda haka ne ma Najeriya ta kafa Hukumar Ilimin Makiyaya a 1989, mai hedikwata a Kaduna. Shi kuwa ɗan ɗan kasuwa, yau yana Jibiya ana koya masa Turanci, baɗi iyali sun koma Maraɗi ana neman Faransanci. Yaro irin wannan yana buƙatar guzurin da zai tafi da shi duk inda aka sauka, kuma guzurin shi ne yawan kalmomi a bakinsa, da sabo da zama ya saurara, da sanin cewa abin da ke kan takarda yana ɗauke da magana.

Me jariri ke ji, me yake gani?

Kunnen jariri yana fara aiki tun yana ciki, a watannin ƙarshe na goyon ciki. A 1986 wasu masana a Amurka sun buga sakamakon wani gwaji: sun sa mata masu juna biyu su riƙa karanta wani labari da ƙarfi a makonni shida na ƙarshe kafin haihuwa. Da aka haifi jariran, sai aka ga sun fi karkata ga sautin wannan labarin a kan wani sabo da ba su taɓa ji ba. Ba wai sun gane ma'anarsa ba ne, a'a, sun saba da hawa da saukar muryar ne.

Ido kuwa yana zuwa a hankali. Sabon haihuwa ya fi ganin abin da ke nesa da shi kamar santimita 20 zuwa 30, wato daidai tazarar fuskar uwa da jaririn da take shayarwa. Abin da ya fi jan idonsa shi ne fuskar mutum, da abu mai baƙi da fari ƙarara. Zuwa wata huɗu ko biyar, ganin launi ya kankama, hannu kuma ya fara miƙewa yana son cafke abin da ido ya gani.

Tsakanin wata shida da shekara ɗaya wani babban aiki yana gudana wanda ba a gani. Kunnen yaro yana tace sautukan harshen gidansu, yana riƙe waɗanda yake ji kullum. A nan ne ɗan Bahaushe ke sabawa da bambancin "bari" da "ɓari", ko "kafa" da "ƙafa", ɗan Bafulatani kuma yana sabawa da nasa. Daga wata tara zuwa shekara ɗaya yakan fara nuni da yatsa, ya kalli abu ya waiwayo ya kalle ka. Wannan waiwayen tambaya ce: mene ne wancan? Duk lokacin da ka amsa, kalma ta shiga. Littafin hoto yana tara irin waɗannan tambayoyi da yawa a wuri ɗaya, a kan cinyarka, ku biyu kuna kallon abu guda.

Wanda bai iya karatu ba fa?

Ga inda maganar ta fi shafarmu. An gwada abin nan a wuraren da rayuwarsu ba ta yi nisa da tamu ba.

A unguwar Khayelitsha da ke gefen birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, unguwa ce ta talakawa, masu bincike sun koya wa iyaye mata da masu reno yadda ake duba littafin hoto tare da yara 'yan wata 14 zuwa 16. Sau ɗaya a mako ake haɗuwa, har mako takwas. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna cewa yaran da aka yi wa haka sun fi takwarorinsu yawan kalmomin da suke ganewa da waɗanda suke faɗa, kuma sun fi su iya tsayar da hankali a kan abu ɗaya. Abin da aka koya wa iyayen ba karanta rubutu ba ne. An koya musu su bi abin da yaro ke kallo, su nuna, su faɗi sunansa, su haɗa shi da abin da yaron ya sani a gida.

A ƙauyukan yammacin Kenya kuma an raba wa iyalai littattafan labari cikin harshen Luo da Turanci, aka ɗan horar da iyaye. Rahoton da ya fito a 2020 ya nuna cewa 'ya'yan iyayen da ba su iya karatu ba sun amfana kamar yadda 'ya'yan masu karatu suka amfana. Uwar da ba ta san baƙi ba tana kallon hoto ta ƙirƙiri labarin da bakinta, kuma yaron yana samun abin da ake nema.

Ka duba kanka mana. Kai da kake iya bambance saniyarka ɗaya cikin ɗari daga nesa, da launinta da tsayuwar ƙahonta, kake da suna ga kowace irin ciyawa da kowane irin hadari, wa zai fi ka iya bayanin hoton saniya? Ke da kike zama a rumfa kina ciniki da Hausa, ki juya ki amsa wa wani da Fulatanci ko Zabarmanci, wa zai fi ki kalmomi? Dukiyar tana nan a bakinku. Littafin dalili ne kawai na zama a zuba wa yaro ita.

Yadda ake yi, gwargwadon shekarun yaro

Daga haihuwa zuwa wata shida. Ki ɗora shi a cinya, bayansa a jikinki, ko ki kwanta kusa da shi. Ki riƙe hoto ɗaya babba kusa da fuskarsa. Ki yi magana a hankali da irin muryar nan da ake yi wa jarirai, mai ja da hawa da sauka. Minti ɗaya ko biyu ya isa. In ya kau da kai ko ya fara mutsu-mutsu, to ya gaji, a bari.

Daga wata shida zuwa shekara ɗaya. Yanzu zai cafke littafin, ya buga shi a ƙasa, ya kai baki. Kada ki dake shi, kada ki fizge. Da baki da hannu yake sanin duniya a wannan lokaci. Ki faɗi suna guda-guda: "Akuya. Ka ga akuya?" Ki yi kukan dabbar, ki jira. In ya yi wani ɗan sauti, ki amsa masa kamar ya faɗi magana. Wannan karɓa-karɓar, shi ya yi ke ki yi, ita ce tushen hira.

Daga shekara ɗaya zuwa biyu. Ka bar shi ya juya shafi da kansa, ko da uku-uku yake juyawa, ko daga baya ya fara. Ka riƙa tambaya: "Ina jakin?" Ka bar shi ya nuna. In ya ce "mee", ka ce, "Ƙwarai, tunkiya ce, tana cin ciyawa." Ka ga ka karɓi tasa ka ɗora kaɗan a kai. In ya kira raƙumi doki, ba sai ka ce ya yi kuskure ba. Ka ce, "Ya yi kama da doki ko? Wannan raƙumi ne, dubi tozonsa." Sannan ka fita da maganar daga takarda: "Ga irin tulun Inna. Ina namu tulun?"

Daga shekara biyu zuwa uku. Yanzu yana haɗa kalmomi, yana iya bin ɗan gajeren labari. Ka sauya tambaya daga "ina" zuwa "me": "Me yarinyar take yi? Me ke cikin ƙwaryar?" Zai ce a maimaita littafi ɗaya yau, gobe, jibi, har ka gaji. Ka daure. Maimaicin nan ne yake kafa kalma a kansa, kamar yadda ɗan maraƙi ke sanin hanyar mashaya da yawan bi.

Daga shekara uku zuwa biyar. A nan ake shiga "don me" da "sai me ya faru". "Me ya sa yaron nan yake kuka? Kana jin zai ga akuyarsa? Kai da me za ka yi?" Ka tsaya kafin ka juya shafi ya yi hasashe. Wata rana ka ba shi littafin ka ce yau shi zai ba ka labarin. In akwai mai karatu a gidan, ko yayansa ne ɗan aji huɗu, ya riƙa bin rubutun da yatsa yana karantawa, don ƙaramin ya gane cewa baƙaƙen nan su ne ke fitar da maganar. Shi ma yayan karatunsa zai ƙara kauri.

A duk waɗannan matakai, minti biyar zuwa goma kullum ya fi awa guda sau ɗaya a wata. Ka nemi lokacin da ya dace da gidanka: bayan an gama tatsa da safe, ko da rana a inuwa lokacin da kasuwa ta lafa, ko bayan sallar isha'i in akwai tocila. Kuma kada ya zama jarrabawa. Ranar da bulala ko tsawa ta shiga, yaro zai haɗa littafi da tsoro, kuma wannan tsoron yakan bi mutum har aji.

Wane littafi za ka saya?

In ka tsaya gaban mai sayar da littattafai a Katsina, ko Damagaram, ko Sakkwato, ko Ƙonni, yawancin abin da za ka tarar na 'yan makaranta ne: na koyon baƙaƙe, na lissafi, na jarrabawa. Suna da amfaninsu, amma ba su ake nufi a nan ba. Haka littafi irin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito tun ƙarshen shekarun 1930: taska ce, amma sai yaro ya kai shekara bakwai ko takwas yake jin daɗin a karanta masa shi. Na ƙanana ga abin da za ka duba.

Na farko, hoton ya zama babba, a fili, ba tarkace a bayansa. Ga ɗan ƙasa da shekara biyu, abu ɗaya ko biyu a shafi ya wadatar. In kai babba sai ka ƙura ido kafin ka gane abin da aka zana, ajiye shi.

Na biyu, ka gwada shi ba tare da rubutun ba. Ka bi hotunan daga farko zuwa ƙarshe. In ka iya gane wanda ake magana a kansa, da abin da ya same shi, da yadda aka ƙare, to wannan littafin naka ne ko da da Faransanci ko Turanci ko Larabci aka rubuta shi. Akwai ma littattafan da ba su da rubutu sam, hoto zalla, kuma su ne suka fi dacewa da gidan da ake harshe biyu ko uku.

Na uku, abin da ke ciki ya haɗa da wanda yaro ya sani da wanda bai sani ba. Littattafai da yawa da ke shigo mana daga Turai suna nuna saniya mai dabbare-dabbaren baƙi da fari, ba tozo, ba ƙaho. Ɗan da ya tashi cikin Bunaji da Rahaji da Bokoloji zai iya kallonta bai ga saniya ba. Ga jariri, fara da abin gida ya fi: ƙwarya, jaki, jar akuya, babur, rijiya, fuskokin mutane masu kama da danginsa. In ya kai shekara uku, sai a buɗe masa ƙofa: teku, jirgin ƙasa, giwa, ƙanƙarar da ke rufe gari. A nan littafi yake yin abin da ruga da kasuwa ba za su yi ba, ya kawo wa yaro kalmar abin da bai taɓa gani ba.

Na huɗu, labari mai maimaici. Irin wanda jimla ɗaya ke dawowa a kowane shafi, har yaro ya haddace ya riƙa tarbar ka da ita. Tatsuniyoyinmu ma haka aka gina su, shi ya sa yara ke riƙe su.

Na biyar, ƙarfin takarda. Ga mai kai komai baki, a nemi mai shafuka na kwali mai kauri, ko na ƙyalle. A duba kada a samu ƙarfen maƙala takarda da ya fito, ko wani ɗan abu da zai ɓalle ya shige maƙogwaro.

Maganar harshe

Ana yawan tambayarmu: in yaro zai yi boko da Turanci ko Faransanci, ba gara a fara masa da su tun yanzu ba? Amsa ita ce ka yi masa da harshen da ka fi iyawa, wanda kake iya wasa da dariya da ba'a a cikinsa. Yaron da ya ƙoshi da harshen uwarsa ya fi saurin ɗaukar na biyu, domin ya riga ya san yadda labari ke tafiya, ya san ƙirga, ya san launi, sunan kawai zai sauya. Nijar ta fara gwada koyarwa da harshen gida tun 1973, da makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram, kuma a Najeriya an yi shirin Mu Karanta a jihohin Bauchi da Sakkwato don 'yan ajin farko su fara karatu da Hausa.

In uwa Fulatanci take yi, uba kuma Hausa, kowa ya yi da nasa a kan littafi guda. Harshe biyu ba ya rikita yaro. Zai ɗan cakuɗa su da farko, daga baya ya raba.

Ga masu karatu kuma, ku lura da ɗan bambancin rubutu tsakanin ƙasashen biyu. Kalmar da ake rubutawa 'ya'ya a Najeriya, a littattafan Nijar za ka gan ta ƴaƴa, da wata alama a kan harafin. Lafazi ɗaya ne, kada ya hana ka sayen littafin da aka buga a ɗaya gefen.

Inda za a samu, da yadda za ka yi naka

Gaskiya littattafan jarirai da harsunanmu ba su cika kasuwa ba. Amma akwai hanyoyi.

A intanet akwai rumbunan labaran yara masu hoto da ake saukewa kyauta, kuma an yarda a buga su a takarda. Akwai African Storybook, wanda wata ƙungiya ta Afirka ta Kudu ta buɗe a 2014, yana da labarai da Hausa da Fulatanci. Akwai StoryWeaver na ƙasar Indiya, da aka buɗe a 2015, shi ma yana da na Hausa. Ka faɗa wa yaron nan mai caji da tura waƙoƙi a tasha waɗannan sunaye biyu, ya sauke maka, ka kai shagon kwamfuta a buga, a sa wa shafukan leda in hali ya yi. In mutum biyar na zango ɗaya ko layi ɗaya a kasuwa suka buga labari bibbiyu, an samu goma ke nan, sai a riƙa musanya ranar kasuwa.

In wannan ya yi nisa, yi naka. Ka samu kwali mai tsabta, irin na sabulu ko taliya ko shayi. Ka yanka shi gida huɗu ko biyar daidai tafin hannu biyu, ka goge kaifin gefen. Ka yanko hotuna daga tsohuwar kalanda, ko takardar gwangwanin madara, ko ka sa ɗan makaranta ya zana: saniya, kaza, mota, ƙwarya, wata. Hoto ɗaya a shafi. Ka manna, ka huda gefe da basilla, ka ɗinke da zare mai ƙarfi. Mai ɗinki kuma tana iya yin na ƙyalle da ragowar atamfa, wanda in ya yi datti sai a wanke. Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci: kada a taɓa amfani da kwalin maganin feshi, ko na ɓera, ko na maganin dabbobi, ko da ya yi kama da mai tsabta. Wannan abu baki za shi.

Ga mai ƙaura, a naɗe littattafan a leda saboda ruwa da gara, a sa su cikin kayan da ake fara saukewa, amma ledar kanta a nisanta ta da jariri. In shafi ya yage, a ɗinke a ci gaba. Littafin yaro da ya tsufa ya yi baƙi da hannu, shi ne ya yi aikinsa.

Waya ba za ta wadatar ba?

Yanzu kusan kowace rumfa akwai waya mai hoto, kuma da yaro ya fara rigima sai a miƙa masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019: yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi. A cikin wannan shawarar hukumar ta ce lokacin da yaro yake zaune, a yi masa karatu ko a ba shi labari.

Dalili a fili yake. Bidiyo yana magana, amma ba ya jiran yaro, ba ya ganin inda idonsa ya tsaya, ba ya amsa masa in ya yi nuni. In dole sai da waya, saboda a cikinta labarin yake, to ka riƙe ta a hannunka kamar littafi, hoto tsayayye, kai ne mai magana, kai ne mai juyawa. Mu ma nan gidan rediyo mun san iyakarmu. Muryarmu tana isa rugarka, amma ba ta san sunan ɗanka ba.

To ina tatsuniya?

Tana nan daram, kuma ba abin da zai maye gurbinta. Kakar da ke tara jikoki da dare tana ba su labarin Gizo da Ƙoƙi tana yin babban aiki: tana koya musu saurare, da riƙe labari a ka, da daɗin harshe. Haka waƙar reno, da kacici-kacici. Abin da littafin hoto ya ƙara shi ne abu biyu. Yana isa ga ɗan wata takwas wanda tatsuniya ta fi ƙarfinsa, domin shi sai ya ga abu kafin ya kama sunansa. Kuma yana saba wa yaro da takarda: yadda ake riƙe ta, yadda ake juya shafi, da cewa alamar da ke kai tana nufin wani abu a duniya. Wannan sabon zai yi masa amfani a gaban allo kamar yadda zai yi masa a gaban malamin boko. Ran da aka miƙa masa littafi a aji, ba baƙo aka miƙa masa ba.

Wasu ƙasashe sun mai da abin aikin asibiti. A birnin Boston na Amurka, likitocin yara sun fara ba iyaye littafi a lokacin duba lafiyar yaro tun 1989. A Ingila an fara irinsa a 1992 a birnin Birmingham da jarirai 300, daga baya ya game ƙasar. A 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci likitoci su riƙa faɗa wa iyaye su fara karanta wa yaro tun daga haihuwa. Mu ma muna da ranar da iyaye mata ke taruwa da jarirai, wato ranar rigakafi da awo. In kana cikin kwamitin asibitin garinku, ko ƙungiyar makiyaya, ko ta 'yan kasuwa, ga shawarar da za ka iya kaiwa: 'yan littattafai goma a kwando a wurin jira, da mutum ɗaya da zai nuna yadda ake yi.

Abin lura game da lafiya

Zaman littafi yakan tona abin da ba a lura da shi ba. In yaro ya kai wata tara zuwa shekara ɗaya ba ya waiwayowa in an kira sunansa ko an yi ƙara a bayansa, ko ya kai shekara ɗaya da rabi ba kalma ko ɗaya kuma ba ya nuni, ko kunnensa yana zubar da ruwa, a kai shi asibiti a duba. A ƙara sa ido ga wanda ya tashi daga sanƙarau ko ƙyanda, domin sukan taɓa ji. Yara sun bambanta wajen saurin magana, amma dubawa da wuri ba ta da asara.

Kalma ga iyaye maza

Malam, wannan ba aikin mata kaɗai ba ne. Uwa tana tatsa, tana daka, tana tallar nono, tana goyo. Kai da kake dawowa daga kiwo ko daga Maigatari da tsarabar alewa da biskit, ƙara ɗan littafi ɗaya a cikin kayan, kuma in ka huta ka ɗauki yaron minti biyar. Na san akwai kunya, musamman ga ɗan fari, kuma ba mu ce a yar da al'ada ba. In kai ba za ka iya ba, akwai baffa, akwai goggo, akwai kaka, akwai yayye. Abin da ake so shi ne a samu babba ɗaya da yaron ya saba da shi, wanda zai zauna da shi kullum.

A wannan makon, ka samu hoto ɗaya, ko na jikin kalanda ne, ka zauna da ƙaramin gidan ka tambaye shi abin da ya gani, ka jira amsarsa. In kun gwada, ku aiko mana da yadda ta kaya ta hanyar da kuka saba, da harshen da kuka yi da shi, da irin tambayar da yaron ya yi muku. Za mu karanto wasu a fili na gaba, inda za mu ɗauko maganar waƙoƙin reno da wasannin hannu na jarirai.

Allah ya raya mana zuri'a, ya tsare dukiya, ya kai matafiya gida lafiya.